Rundunar ƙwari daga wata duniya: da me za su yaƙe mu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Jos, a Gangare nake zaune, kuma ina rubuta wani ƙagaggen labarin kimiyya da nake sakar wa masu karatu kashi-kashi ta waya. A labarin, wasu halittu masu kama da ƙwari sun sauko daga wata duniya, sun ɓuya a tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru. Na kai inda za su fara kai hari, sai na tsaya cak. Duk finafinan da na kalla, ƙwarin suna da girman mota, suna tofa wuta ko asid, kuma da zarar an kashe sarauniyarsu sai yaƙi ya ƙare. Ba na son in kwafi wannan kawai. Tunda kai masanin ƙwari ne, waɗanne makamai da dabarun yaƙi ne suka dace da irin wannan runduna? Wanne ke da tushe, wanne ne kuma ƙirƙirar masu fim?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, kuma zaɓen ramukan kuza da kika yi ya yi ma'ana: ga ruwa, ga duhu, ga ƙasar da aka riga aka tona, ga kuma gari kusa.

Zan fara da abin da na gani da idona, domin da shi nake auna duk wani fim irin wannan. Wata damina, wani maƙwabcina mai kiwon kaji ya buga mini ƙofa tun kafin kiran assalatu. Kwarkwasa ce ta shigar masa ɗakin 'yan tsaki. Da muka haska tocila sai ga wani baƙin layi mai faɗin tafin hannu ya taso daga ƙarƙashin katanga, yana gudana kamar ruwan kwata. Ƙanana ne ke gudu a tsakiya, a gefe da gefe kuma manya masu ƙaton kai sun tsaya ƙyam, kai a sama, muƙamuƙi a buɗe. Da layin ya isa bakin ɗakin sai ya bazu kamar mafici, ya rufe daɓen gaba ɗaya. Manyan kajin da suka iya tashi sun tsira. 'Yan tsakin kuwa, ta ido da hanci da baki aka shige su. Muka zuba toka da kananzir a kan hanyar, suka yi cirko-cirko na ɗan lokaci, suka taru a bakin tokar, can sai wasu suka lalubo hanya ta bayan buhunan dusa, saura suka bi. Kafin hantsi sun tafi, ba abin da ya rage sai gawarwakin waɗanda kananzir ya kashe da ƙasusuwan 'yan tsaki.

Ma'aikatan kwarkwasa makafi ne, ko alamar ido ba su da ita. Babu kwamanda a cikinsu, babu wadda ta san fasalin gidan, uwarsu ma tana can cikin rami ba ta san an zo ɗakin kaji ba. Gida ɗaya na irin wannan tururuwa yana iya kai miliyan 20. Duk abin da ya yi mana kama da shirin wani janar a daren nan, ya fito ne daga 'yan ƙa'idoji da kowace ɗaya ke bi ita kaɗai: bi warin da 'yar'uwarki ta bari a ƙasa, in kin sami nama ki ƙara warin, in an taɓa ki ki ciza kada ki saki. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Su marubutan Turai da Amurka sun daɗe a wannan fage. Tun 1901 H. G. Wells ya sa wasu halittu masu siffar ƙwari a cikin wata, kowanne an gina jikinsa don aiki ɗaya tak. Amma wanda ya kafa tsarin da kike gani a finafinai shi ne littafin Starship Troopers na Robert Heinlein, 1959: ma'aikata, mayaƙa, masu ƙwaƙwalwa, da sarauniyoyi, duk a cikin ramuka. A littafin ƙwarin suna da jiragen sama jannati da makamai ƙerarru. Fim ɗin 1997 ne ya ƙwace musu duk wannan, ya mai da jikinsu ya zama makamin: wani yana sara da ƙafafu, wani yana feshin wuta, wani ƙato yana harba dunƙulen wuta daga gindinsa har ya kakkaɓo jirage a sararin samaniya. Fim ɗin Alien na 1979 ya kawo jinin asid da dasa ɗa a cikin jikin mutum, na 1986 ya ƙaro sarauniya. Wasan kwamfuta na StarCraft, 1998, ya shahara da dabarar sako ƙananan mayaƙa masu arha tun abokin gaba bai gama shiri ba. Masu wasan Warhammer 40,000 kuma suna da wasu halittu da ake kira Tyranid, waɗanda bindigarsu ma halitta ce mai rai, harsashinta kuma ƙwaro ne da ke huda nama, kuma in sun gama da duniya sai su bar ta fayau kamar dutse.

To, wanne ke da tushe?

Feshin abu mai ƙuna yana da tushe sosai. Akwai wani ƙwaro, ana samun irinsa har a Afirka, mai ajiye sinadarai biyu a cikinsa, haidirokwinon da haidirojin farokzayid. In aka taɓa shi sai ya tura su wani ɗan ɗaki mai kaurin bango a ƙarshen jikinsa, su haɗu da abin da ke tayar da su, su tafasa nan take. Feshin yana fita da zafin digiri 100, wato zafin tafasasshen ruwa, kuma ba a miƙe yake fita ba, tsartuwa yake kusan sau 500 a daƙiƙa ɗaya, abin da ke hana ƙwaron dafa kansa. Yana iya juya bakin ya saita ko ta kan bayansa. Sai dai nisan harbin bai wuce taƙi ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi ne a tsayin kilomita kusan 400, wanda ya fi nisan Jos zuwa Abuja, kuma babu tsokar da za ta jure ƙarfin da zai cilla abu can. Wannan ki bar wa masu fim.

Jinin asid da ke narkar da ƙarfe ma haka. Halitta tana iya ajiye asid a cikin jaka mai kariya, tunda mu ma muna da shi a tumbi. Amma jini yana zagaya kowace gaɓa, mai shi zai fara narkarwa. Abin da ke akwai a zahiri ya ma fi dacewa da labarinki. Kin san ɗan siririn ƙwaron nan mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila da dare, wanda 'yan makarantun kwana ke tsoro? Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar a cikin jininsa take. In kin murje shi a wuyanki ba za ki ji komai ba a lokacin, sai bayan kwana guda fatar ta tashi kamar an ɗiga mata ruwan batir. Ki yi tunanin halittar da kashe ta da hannu ko da adda shi ne ke kunna makaminta, kuma mutanen gari ba za su gane haɗin ba sai washegari.

Ƙunar baƙin wake ma akwai ta. A dazuzzukan Borniyo akwai tururuwar da aka bai wa suna a kimiyyance a 2018, wadda in faɗa ya yi tsanani sai ta matse cikinta har ya fashe, wani rawayan ruwa mai danƙo da guba ya dame abokin gaba. A Kudancin Amurka kuma akwai garar da tsofaffin ma'aikatanta ne ke wannan aiki: haƙoransu sun dakushe, ba sa iya tauna sosai, sai wasu shuɗɗan duwatsun sinadari su yi ta girma a bayansu, ranar hari su ne ke gaba, su fashe. Gidan yana kashe abin da amfaninsa ya kusa ƙarewa, ya adana matasa. A dajinmu na nan ma, in kika fasa ƙaramin suri irin na gara mai cin ciyawa, za ki ga sojoji masu kai mai tsini kamar bakin buta. Ba su da haƙoran cizo, wani ƙaro mai yauƙi suke fesawa ya ɗaure ƙafafun tururuwa.

Dasa ɗa a jikin wani kuwa, ba sai kin je nesa ba. Ki fasa gidan zanzaro da ke manne a kusurwar ɗaki. Za ki tarar da tsutsotsi ko gizo-gizo a jere, ba matattu ba, an dai shanye musu jiki da harbi don kada naman ya ruɓe kafin ɗan zanzaron ya ƙyanƙyashe ya cinye su da ransu. Akwai wata danginsa mai launin tsanwa da ke harbin kyankyaso a daidai ƙwaƙwalwa, sannan ta kama shi ta ƙahonsa na shinshina ta ja shi, yana binta da ƙafafunsa har cikin rami.

Maganar girma a taƙaice zan yi ta. In kika ninka tsawon ƙwaro sau 10, nauyinsa sau 1,000 zai ninku, amma kaurin ƙafarsa sau 100 kawai. Ƙafafun za su karye. Sannan ƙwari ba su da huhu, ta wasu ƙananan ƙofofi a haƙarƙarinsu iska ke shiga ta bi siraran bututu, kuma wannan tsari ba ya kai iska cikin babban jiki. Shekaru kusan miliyan 300 da suka wuce an yi dangin mazari mai faɗin fiffike santimita 70, amma a zamanin iskar oksijin ta kai wajen kashi 30 cikin 100, yau kuwa 21 ce. Ga kuma saɓa: mai sulke a waje dole ya tuɓe shi kafin ya girma, ya zauna laushi tiɓis har sabon ya bushe. Halittunki daga wata duniya suke, kina da ikon ba su huhu. Amma shawarata, ki tsayar da su tsakanin girman ɓera da na ɗan akuya. Wanda ya kai girman mota, harsashi ɗaya na tankar yaƙi ya ishe shi. Dubu goma masu girman ɓera, ina za a saita?

Nan muka iso ga ainihin makamin, wanda kakanninmu suka riga suka faɗa: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya sa wa wannan karin magana lissafi a 1916. Ya nuna cewa a buɗaɗɗen fili, inda mutane da yawa za su iya taruwa a kan mutum ɗaya, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninke da kansa. Ki ɗauki mayaƙa 100 da mayaƙa 50 masu ƙarfi ɗaya. Hankali zai ce 50 za su rage a babban ɓangaren. Lissafin ya ce kusan 87 ne za su rage, domin tun daga farko kowane ɗaya na ƙaramin ɓangaren mutum biyu ne a kansa, kuma duk wanda ya faɗi, rabon ƙara lalacewa yake. A 1993 wasu masana biyu suka gwada wannan lissafi a kan tururuwa masu kai hari, ya bayyana dalilin da ya sa irinsu kwarkwasa suka zaɓi haifar ƙanana masu ɗimbin yawa maimakon manya kaɗan.

Amma lissafin yana da sharaɗi, kuma a sharaɗin ne labarinki zai sami rai. A ƙunci, inda ɗaya ne kawai zai iya fuskantar ɗaya, yawa ba ya ninkuwa, ƙarfi ne ke magana. Shi ya sa zago, sojan gara mai jan kai, yake da kai kamar murfin kwalba: yana toshe ƙofar rami da shi, ma'aikata su liƙe bayansa da laka, ya mutu a wajen amma gida ya tsira. Saboda haka rundunarki za ta so filin Polo ko filayen noman dankali, ta ƙi lungunan Gangare da tsagin duwatsun Shere. Mutanenki in suna da wayo a lungu za su tsaya. In kuma sojoji suka ce za su bi su cikin ramin kuza, to sun kai kansu inda manyan masu sulke ke jira ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu sarauniya, inda na fi son ki bambanta da saura. A littafin Ender's Game na Orson Scott Card, 1985, duk rundunar gaɓoɓin tunanin sarauniya ɗaya ce, da aka harbo jirginta sai sauran jiragen suka tsaya kamar an zare musu rai. Finafinai da dama sun bi wannan hanya, kuma na fahimci dalili: labari yana buƙatar wuyan da jarumi zai sara kafin awa biyu su cika. Amma a cikin ƙwari na gaskiya babu wannan wuyan. Sunan sarauniya ma mu muka laƙaba mata, uwa ce kawai. Wanda ya taɓa haƙa babban suri har gindinsa ya ga ɗakinta: wani dunƙulen laka mai tauri, a ciki ga wata farar aba kamar babban yatsa ko fiye, ba ta iya ko motsawa daga inda take, ma'aikata na ba ta abinci a baki, wasu na kwashe ƙwai ta baya, dubbai a kowace rana. Ba ta ba kowa umarni. In kin kashe ta yau, sojoji za su ci gaba da cizo gobe da jibi, sai dai gidan ya yi ta raguwa a hankali in ba a maye gurbinta ba. Ƙudan zuma kuwa, in uwarsu ta mutu, sai su zaɓi 'yan ƙananan tsutsotsi su canza musu abinci, kuma daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kwana 16 ne kacal. Ko ranar ƙaura, ba ita ke zaɓen sabon gida ba. 'Yan leƙen asiri ne ke fita su dawo su yi rawa a kan taron, kowace tana nuna inda ta gano, har ra'ayi ya taru wuri ɗaya. Karl von Frisch, wanda ya warware ma'anar rawar ƙudan zuma, ya sami kyautar Nobel a 1973. Tururuwar Ajantina ma ta wuce nan: uwaye barkatai ne a gida ɗaya, kuma a 2002 an gano cewa gidajenta daga Italiya har gaɓar tekun Sifaniya, tsawon kilomita 6,000, ba sa faɗa da juna, kamar gida ɗaya suke.

Farin ɗango ko uwar ma ba su da ita a cikin tafiya. Fara ɗaya a daji halitta ce mai gudun 'yan'uwanta. Amma in ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa suka matsu wuri ɗaya, gogar ƙafafun baya da suke yi wa juna tana tayar da wani sinadari a jijiyoyinsu, cikin 'yan sa'o'i halinsu ya juye, daga baya launinsu ma ya canza. Abin da ke tura matasansu gaba har da tsoro: wadda ta tsaya, ta bayanta za ta cinye ta. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa murabba'in kilomita ɗaya na irin wannan gayya yana ɗauke da fari miliyan 40 zuwa 80, kuma ko ƙaramin adadin yana cin abincin mutum 35,000 a yini, suna kuma iya tafiyar kilomita 150 a rana. Kenya ta ga irin wannan a 2020, wadda ba ta ga kamarta ba cikin shekara 70. Ba mamaki da Alƙur'ani ya ambaci fara da ƙwarƙwata cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna. Runduna ce da yunwa ke ja ta gaba, tsoro ke kora ta baya, ba wanda za a yi sulhu da shi, ba wanda za a kashe a huta.

In kina son tsaka-tsaki, masu Tyranid sun yi dabara mai kyau: wasu manyan halittu ne warwatse cikin rundunar ke riƙe da hankalin ƙananan da ke kusa da su. In an kashe ɗaya, na yankinsa ba sa mutuwa, komawa suke dabbobi masu bin yunwarsu. Jarumanki sun sami abin sara ke nan, ba tare da yaƙin ya ƙare a sara ɗaya ba.

Runduna marar shugaba da wari take magana, kuma nan ne lagonta. Ƙudan zuma in ta yi harbi tana barin wani ƙamshi mai kama da na ayaba a wurin, shi ke kiran saura su zo daidai nan. Hayaƙin da masu cire zuma ke turawa cikin amya yana dushe wannan kira. Toka da kananzir da muka zuba a daren nan ma hanyar warin muka yanke. A 1921 wani masani Ba'amurke, William Beebe, ya ba da labarin abin al'ajabin da ya gani a dajin Gayana: wata rundunar tururuwa ta ɓata hanya har kan layin ya haɗu da wutsiyarsa, suka yi ta zagaye mai kewayen mita kusan 370, kowace tana bin ta gabanta, har yawancinsu suka mutu don gajiya. Ɗalibar kimiyyar sinadarai ɗaya a labarinki, in ta gano warin, za ta iya abin da bataliya ba ta iya ba. Su ma ƙwarin sun san wannan yaƙi. Akwai tururuwa masu satar 'ya'yan wasu su mai da su bayi, waɗanda ke fesa warin firgici na ƙarya a gidan da suka kai wa hari, masu gida su watse ba tare da an yi faɗa ba. Uwar wasu daga cikinsu kan shiga baƙon gida ta kashe uwar gidan, ta shafe jikinta da warinta, 'ya'yan marigayiyar su koma yi mata hidima. A duniyar da wari ne katin shaida, wanda ya saci wari ya saci gari.

Kada kuma ki ɗauka duk ƙwari ne ke watsar da nasu. Akwai wani babban baƙin tururuwa, dangin gwano, da ke fita a jere ya kai wa gara hari. Binciken da aka yi a gandun dajin Komowe na Kwaddibuwa, aka wallafa a 2017 da 2018, ya nuna suna ɗauko waɗanda suka ji rauni su kai su gida, su yi ta lasar miki. Cikin waɗanda aka hana wannan jinya kashi 80 cikin 100 sun mutu, waɗanda aka yi wa kuwa kashi 10 ne kawai. Dalili kuwa gidansu ƙarami ne, dubu ɗaya zuwa biyu, kowane soja yana da daraja. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wadda ta rasa ƙafa ɗaya ko biyu takan naɗe jiki ta natsu a ɗauke ta, wadda ta rasa biyar kuwa sai ta yi ta fizge-fizge ta ƙi ɗaukuwa, har a bar ta a nan. Ranar da jarumarki ta ga baƙin halittun nan suna ɗaukar majinyatansu, dole ta tambayi kanta ko me take yaƙa. Card, marubucin Ender's Game, ma ya taɓo wannan ta ɗaya fuskar: halittunsa ba su san cewa kashe mutum ɗaya kisan rai ba ne, domin a wurinsu ma'aikaci kamar farce yake, sai da suka gane, lokaci ya ƙure.

Akwai wani makami da finafinai ba su cika nunawa ba saboda ba ya ƙara, alhali mu mun ɗanɗana shi. A 2016 wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda manoma suka sa wa suna Sharon, ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na tuna yadda kwando ya gagari talaka a kasuwar Farin Gada. A shekarar dai aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin masara a Afirka, kuma Najeriya na cikin wuraren farko. Waɗannan baƙi ne na gaske daga wata nahiya, ba su ciji kowa ba, rumbu suka nufa. Rundunarki za ta iya shafe wata shida tana cin dankali daga ƙarƙashin ƙasa a Bokkos da Mangu, manoma na ɗora laifin a kan cuta, kafin wani ya ga ko ɗaya daga cikinsu.

Garinmu kuma ya ba ki kalandar yaƙi kyauta. Jos tana kan tsayin mita kusan 1,200, kuma kin san yadda asubahin hunturu yake a nan. Ƙwari ba sa haɗa zafin jiki kamar mu, sanyi na daskarar da su, shi ya sa yara ke tsintar fara da hannu da sassafe. Saboda haka Disamba da Janairu lokacin mutane ne, ƙwarin suna can ƙasa sun dunƙule suna ɗumama juna. Zafin ma suna iya mai da shi makami: ƙudan zuman Japan kan rufe ƙatuwar rina da jikinsu, ɗaruruwa a kanta, su yi ta kaɗa tsokar fiffike har tsakiyar dunƙulen ya kai wajen digiri 46, rinar ta mutu su su rayu. Da bazara sai rundunarki ta faɗaɗa ramuka. Babban harin kuma, ni da zan rubuta, daren ruwan farko zan sa shi, irin daren da shinge ke fitowa.

Ki jira ruwan farko na bana ki tsaya ƙarƙashin fitilar ƙofar gida da littafinki. Dubban da za ki gani suna zagaya hasken ba sojoji ba ne, kowace mace a cikinsu uwar sabon suri ce in ta tsira. Kwaɗi da jemagu da tsaka da yara masu kwano za su kwashe kusan duka. Ki sa ido a ƙasa, gefen haske. Za ki ga biyu sun karkaɗe fikafikansu sun zubar, mace a gaba, namiji na biye da ita kansa a manne da bayanta, suna sauri suna neman tsagin da za su shige.